Yadda Ake Kai Kare ko Kyanwa Aikin Tiyata a Asibitin Dabbobi

Tambayoyin da masu kare da kyanwa suka fi yi mini kusan iri ɗaya ne. Wannan kyanwarsa ta cika gida da 'ya'ya, yana son a tsayar mata da haihuwa. Wancan muzurunsa ba ya kwana a gida, kullum sai ya dawo da yagaggen kunne. Wata kuma karen gadinsu ne ƙari ya fito masa, an ce sai an yanka, ita kuwa tsoro take ji kada ya mutu a kan tebur. Shi ya sa na tattara amsar a nan daki-daki. Zan fi kawo misali da fiɗiyar namiji da cire mahaifar mace, don su ne aikin da aka fi yi, amma tsarin bai canza ba ko ƙari za a cire, ko karaya za a gyara.

Likita zai riƙe dabbarka a kan tebur na ɗan lokaci ne kawai. Daren da ya gabaci aikin, da kwana 10 zuwa 14 da ke biye da shi, duk a hannunka suke, kuma a ganina a nan ne aiki ya fi lalacewa. Don haka a nan zan fi tsayawa.

1. Nemo likitan dabbobi na gaskiya

Ba duk mai sayar da maganin kaji da awaki ne likita ba. Mai shago yana iya sanin allura, amma sa dabba barci da buɗe ciki aikin wanda ya yi karatun likitancin dabbobi ne, ya kuma yi rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya, VCN. Ba rashin kunya ba ne ka tambaya. Idan kana kusa da Zariya, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello. Haka Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da Jami'ar Maiduguri duk suna da nasu. A manyan biranen jihohi akwai asibitocin dabbobi na gwamnati da na kuɗi, sai dai wasunsu sun fi sabawa da shanu da tumaki, don haka ka tambaya kai tsaye: "Likita, kuna yi wa kyanwa irin wannan aikin a nan?"

Ka buɗe ido idan ka shiga. Akwai ma'aunin nauyi? Akwai ɗaki na daban da ake tiyata, ko a tebur ɗin da ake duba marasa lafiya ake yi? Da me suke dafa kayan aiki? In an ɗauke wuta ana cikin aiki, akwai janareto ko sola?

Gargaɗi: kada ka yarda a ɗaure wa kare ko muzuru maraina da roba, ko a dandaƙe shi kamar yadda ake yi wa bunsuru. Azaba ce tsantsa, kuma wurin yakan ruɓe. Haka duk wanda ya ce zai zo gida ya buɗe wa karya ciki a tsakar gida, ka ba shi haƙuri. Araha ba ta ado.

2. Zuwan farko na dubawa ne

In ba larurar gaggawa ba, ba a yanka dabba ranar da aka fara ganin ta. Za a buɗe mata kati, a auna nauyinta, a auna zafin jiki (na lafiyayyen kare ko kyanwa yana tsakanin digiri 38 da 39 da ɗan ɗoriya), a saurari zuciya da huhu, a taɓa ciki, a ɗaga leɓe a duba dasashi. Wannan na ƙarshen kai ma ka koya, don zai yi maka amfani nan gaba: dasashin lafiya ruwan hoda ne mai damshi, in ka danna shi da yatsa ya yi fari, sai launin ya dawo cikin daƙiƙa 2. Idan fari ne fat, ko ya yi ɗorawa-ɗorawa, akwai matsala a jini.

Idan likita ya ce a ɗebi jini, kada ka ɗauka neman kuɗi ne. Karnukanmu suna fama da kaska, kaska kuwa tana ɗauke da cututtukan da ke fasa jajayen ƙwayoyin jini, da wasu da ke rage ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare. Kare yana iya wasa, yana cin abinci, alhali jininsa ya yi ƙasa. In an yanka irin wannan, jini ne zai ƙi tsayawa. Tsohuwar dabba kuma akan ƙara mata gwajin hanta da ƙoda, tunda su ne ke fitar da maganin barci daga jiki. Mai karaya ko wadda ake zaton tana da ciki, sai an ɗauki hoto ko an yi sikanin.

Gargaɗi, kuma shi ne mafi nauyi a wannan mataki: ka faɗi duk abin da ka ba ta. Mutane da yawa sukan ji nauyin likita su ɓoye cewa sun riga sun wuce kemis. Idan ka ba ta Panadol, ko ibufurofen, ko diklofenak, ko allurar ibamektin ta kashe tsutsa da mai shago ya yi mata, ko wani jiƙo na gargajiya, ka faɗa, da ranar da ka ba ta da yawan abin. In da hali ka tafi da kwalin. Ƙila likita ya ɗan yi faɗa, amma zai canza maganin da zai yi amfani da shi, ko ya ɗaga ranar, kuma wannan na iya zama sanadin tsirar dabbar.

3. Rigakafi, tsutsar ciki da kaska

Asibiti wuri ne da marasa lafiya ke taruwa, don haka ba a son a kwantar da dabbar da ba ta da rigakafi. Kwikwiyo yana fara allurar haɗaka, wadda ke kare shi daga cutar fabo mai sa gudawar jini da sauran 'yan uwanta, tun yana sati 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa duk bayan sati 3 ko 4 har ya kai kamar sati 16. Allurar haukan kare daga wata 3 ake yin ta, a sabunta duk shekara, kuma kyanwa ma tana buƙatar ta. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana cikin masu sarrafa wannan allurar a Najeriya, wasu jihohin kuma sukan yi ta kyauta a zagayen ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya. A gama rigakafin kamar sati 2 kafin tiyata, a ba da maganin tsutsar ciki, a kashe kaska da ƙuma.

Gargaɗi: maganin kaskar kare ba na kyanwa ba ne. Da yawansu suna da sinadarin da ke sa kyanwa karkarwa da farfaɗiya har ta mutu. Sniper da sauran magungunan ƙwari na gona kuwa, kada su kusanci jikin kowace dabba.

4. Zaɓar rana

Kyanwa da muzuru akan yi musu tun suna wata 4 zuwa 6, kafin ita ta fara kukan neman namiji, shi kuma ya fara fesa fitsari a bango. Ƙananan karnuka da irin namu na gida, wajen wata 6. Manyan karnukan gadi na ƙetare, likitoci da yawa sun fi son a jira sai sun kai shekara, ƙashi ya gama girma.

Karya ba a so a yi mata tana cikin jinin barbara, don a lokacin jijiyoyin mahaifa sun kumbura da jini, aikin ya fi haɗari. A jira wata 2 zuwa 3 bayan ta gama. Mai shayarwa kuma sai ta yaye, nono ya kafe. Kai ma ka dubi naka lokacin: kada ka sa rana alhali kana da tafiya ko biki a gidan cikin satin. Ka nemi a yi da safe, don ta farfaɗo a gaban likita kafin a tashi aiki.

Gargaɗi: wasu, don gudun tiyata, sukan sa a yi wa karya ko kyanwa allurar tazarar haihuwa ta mutane. Wannan yana jawo mugunya ta taru a mahaifa, da ƙari a nono. Ƙarshenta tiyatar da aka guda ita za a yi, amma cikin gaggawa, da dabbar da ta riga ta galabaita.

5. Yi maganar kuɗi tun kafin ranar

Farashi yana bin nauyin dabba, don da nauyi ake auna maganin barci da na kashe zafi. Karen da ya kai kilo 35 ba zai yi daidai da kyanwa mai kilo 3 ba. Na mace ya fi na namiji tsada saboda ita ciki ake buɗewa. Mai ciki, da mai ƙiba, da aikin gaggawa na dare, duk suna ƙara kuɗi. Asibitin gwamnati da na jami'a sukan fi sauƙi, amma a wasu wuraren za a rubuta maka zare da safar hannu da ledar ƙarin ruwa ka sayo da kanka.

Ka ce a rubuta maka lissafin a takarda, ka tabbata ya haɗa da kuɗin kati da ganin likita, gwajin jini, maganin barci, aikin kansa, ƙarin ruwa, magungunan da za ka tafi da su gida, kwana idan ya kama, da dawowar cire zare. Idan kuɗi ya gaza, gara ka ɗaga ranar maimakon ka ce a cire gwajin jini ko maganin kashe zafi. Dabba tana jin zafin yanka yadda kake ji, bakin faɗa ne kawai ba ta da shi.

6. Daren jajibirin aiki: a hana ta abinci

Maganin barci yana sa amai, kuma dabbar da ke cikin barcin magani ba ta iya haɗiyewa ko tari. In akwai abinci a ciki, sai ya taso ya gangara huhu. Wannan kaɗai ya isa ya kashe lafiyayyen kare. Abin da aka saba shi ne a ba ta abincin dare da wuri, a ɗauke kwano, ta yi awa 8 zuwa 12 ba ta ci komai ba. Wasu likitocin suna rage awannin, don haka ka bi abin da naka ya ce. Ruwa akan bar mata har zuwa safiya. Jarirai 'yan ƙasa da wata 4 ba a daɗe ana hana su abinci, don sukarin jininsu yana saurin faɗuwa. Zomo kuma ba a hana shi abinci sam, tunda shi ba ya amai.

Wahalar wannan mataki a gidanmu na Hausa ita ce yawan hannu. Kai ka ɗauke kwano, amma yaro ya jefa mata guntun ƙosai, Inna ta ji tausayin kukanta ta zuba mata madara, ko ita da kanta ta bi kwanukan da ba a wanke ba. Ka tara mutanen gida ka gaya wa kowa, har mai gadi. Kyanwa a kulle ta a ɗaki tun magariba, da ɗan kwanon yashi, don in ka bar ta waje za ta kama ɓera ko ƙadangare, ko ma gari ya waye ba a san inda ta shiga ba. Kare a ɗaure shi nesa da bola.

Gargaɗi: in ta ci wani abu da safe, komai ƙanƙantarsa, ka faɗa. Ɗaga aiki zuwa gobe ba asara ba ce.

7. Tafiya da miƙa ta

Ka zagaya da kare ya yi fitsari da kashi kafin ku fita. A sa masa sarƙa mai ƙarfi, mai cizo kuma a sa masa takunkumi. Kyanwa a sa ta a kwando mai murfi ko kwali mai ƙarfi da aka huda, a shimfiɗa tsohon zane, a ɗaure murfin da igiya. Kada a rungume ta a hannu a cikin adaidaita sahu. Hon ɗaya zai sa ta yage ka ta dira kan titi. Buhu da but ɗin mota kuma ba wurin dabba ba ne, musamman a zafin bazara.

Za a ba ka takardar amincewa ka sa hannu. Ka karanta, ka tabbata aikin da aka rubuta shi ne wanda kuka yi magana, ka bar lambar da za a same ka nan take. Sai ka yi tambaya uku: wane maganin kashe zafi za a ba ta, zaren irin mai narkewa ne ko sai an cire, kuma wa za ka kira idan wani abu ya taso da dare.

8. Abin da ke faruwa a ciki

Za a yi mata allurar kwantar da hankali, a sa mata ƙarin ruwa, a sa ta barci, a aske wurin a wanke. Mace akan tsaga ta a ƙasan cibiya a cire ƙwai da mahaifa. Kyanwa wani lokaci ta gefen ciki ake shiga. Kare namiji ƙaramin yanka ne a gaban jakar maraina. Na muzuru ya fi kowanne sauri, sau da yawa ko ɗinki ba a yi. Kada ka matsa a ba ka ita tana cikin maye. Ka bari sai ta ɗaga kai, ta gane muryarka.

9. Daren farko a gida

Ka tanadi ɗaki mai tsabta, shiru, ba yara ba sauran dabbobi. A shimfiɗa mata a ƙasa, ba a kan gado ko kujera ba, don tangaɗi take yi, tana iya faɗowa. Maganin barci yana sauke zafin jiki, saboda haka a lokacin hunturu a lulluɓe ta, kada a kwantar da ita a kan siminti tsirara. A lokacin zafi kuma a samar mata inuwa da iska. In ta wartsake a fara ba ta ruwa kaɗan, idan ya zauna a ba ta kamar rabin abincin da ta saba. Kada a ɗura mata komai a baki.

Kafin ka kwanta, ɗaga leɓenta ka duba dasashi, ka sake dubawa cikin dare. Ɗan ɗigon jini a kan ɗinki ba abin tsoro ba ne. Amma dasashi fari, ƙafafu da sanyi, numfashi sama-sama, ciki yana kumbura, ko ta kasa tashi bayan da ta riga ta fara tafiya, alamun jini ne ke zuba a ciki. Wannan ba ya jiran safiya.

Gargaɗi: in ka ji tana nishi, kada ka buɗe akwatin maganin gida. Ƙwayar Panadol guda tana iya kashe kyanwa. Ibufurofen da diklofenak suna huda cikin kare, su lalata ƙoda. Kira likita ya gaya maka abin da za a ƙara.

10. Kwanakin jinya

Babban abokin gaba a nan harshen dabbar ne. Maganar da ake yi cewa yawun kare yana warkar da ciwo ba ta shafi ɗinki ba. Cikin 'yan mintuna zai tsinke zaren da haƙori ya buɗe wurin. Sai a sa masa abin wuyan roba mai kama da mazurari. In babu na saye, a yanke gindin ƙaramin bokitin roba, a goge bakin kada ya yanke shi, a huhhuda a zura igiya a ɗaure da abin wuyansa. Bakin bokitin ya wuce tsinin hancinsa, kuma yatsunka biyu su iya shiga tsakanin igiyar da wuyan. Kyanwa akan ɗinka mata 'yar riga da tsohuwar singiletin yaro, mai ramukan ƙafafu, ta rufe cikin. Rana ta farko za su yi ta bugun bango suna kallon ka da idon roƙo. Ka daure. Cire abin wuyan da dare "don ta huta" shi ne kuskuren da na fi jin takaicinsa, domin daidai lokacin da ba mai kallo take samun damar lasa.

Ba gudu, ba tsalle, ba hawa katanga. Kare a fita da shi da sarƙa ya yi bukatarsa a dawo, kyanwa ta zauna a ɗaki. Mafarauci ya haƙura da fita da karensa, mai gida ya haƙura da gadin 'yan kwanaki. Ba wanka har sai an cire zare.

Safe da yamma ka duba wurin da haske mai kyau. Ɗan ja da ɗan kumburi a kwanakin farko daidai ne. Mugunya, wari, zafi in ka taɓa gefen, baki ya buɗe, ko kumburi mai ƙaruwa, sai a koma asibiti. Haka in ta wuce awa 24 ba ta ci ba, ko tana ta amai. Da damina a kula da ƙuda, don suna yin ƙwai a ciwo ya zama tsutsa. Gidan sauro yana taimakawa. Idan ɗinkin ciki ya ɓalle har wani abu ya leƙo, kada ka tura shi ciki: rufe da tsabtataccen ƙyalle da aka jiƙa da ruwan da aka tafasa ya huce, ka naɗe, ka kama hanya.

Gargaɗi: kada a shafa toka, baƙin mai, man shanu ko garin kafso a kan ɗinki. Dettol da Izal guba ne ga kyanwa, ko da ƙasa aka goge da su ta taka ta lashe ƙafa. Maganin da likita ya rubuta kuma a ba da shi har ya ƙare, ko da ta warware.

11. Cire zare da abin da ke biyo baya

Tsakanin kwana 10 da 14 ake komawa. Ko zaren mai narkewa ne, ka kai ta a duba. Kada ka cire da reza a gida. A bar abin wuyan kwana 1 ko 2 bayan an cire zaren. Namijin da aka fiɗiye yana iya yi wa mace ciki har wajen wata guda ko fiye bayan aikin, don haka a raba su. Bayan fiɗiya jiki yana rage buƙatar abinci. A ɗan rage kwano, in ba haka ba ƙiba za ta shigo.

Larurorin da ba a bin wannan tsari

Akwai lokacin da ba a jiran rigakafi ko hana abinci, asibiti ake nufa kai tsaye. Karya ko kyanwa mai naƙuda (cikinsu kamar kwana 63 ne) da ta yi minti 30 tana yunƙuri mai ƙarfi ba ɗa, ko ta haifi wasu ta tsaya fiye da awa 2 alhali da saura. Kada a yi mata allurar naƙuda a gida. In ɗan ya gitta, mahaifa ce za ta fashe. Karyar da ta gama jinin barbara da sati 4 zuwa 8, ta daina cin abinci, tana yawan shan ruwa, ko mugunya na fita ta gabanta. Muzurun da ke ta tsuguno yana kuka ba fitsari: mafitsara ce ta toshe, kuma kwana 1 ko 2 ya isa ya hallaka shi. Babban kare da cikinsa ya kumbura kwatsam yana yunƙurin amai ba abin da ke fita.

Wanda mota ta buge, a ɗaure masa baki da tsumma kafin a taɓa shi, don zafin ciwo yana sa kare ya ciji mai shi, sai dai in yana amai ko numfashi na yi masa wuya. A ɗora shi a kan katako ko bargo a ɗauka, a danne inda ke jini da ƙyalle mai tsabta. Mutumin da kare ya ciza kuma ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya wuce asibitin mutane a ranar.

Wadda ta ci guba, kada a ɗura mata manja ko madara ko ruwan gishiri, don suna iya gangarawa huhu. Mai dalala da karkarwa bayan an yi feshin maganin ƙwari tana buƙatar allura cikin gaggawa. Maganin ɓera kuma wani irinsa ba ya nuna alama sai bayan 'yan kwanaki, lokacin da jini ya fara zuba a ciki, saboda haka ko ta yi kama da lafiyayya a kai ta a ranar, a tafi da kwalbar ko ledar gubar, don abin da ke rubuce a jikinta ne zai nuna wa likita makarin da zai ba ta.